Daren da Babu Ƙarfe Biyu da Rabi

A daren Asabar wayewar Lahadi, 11 ga Maris 2007, ba a yi ƙarfe 2:30 a birnin New York ba. Agogo ya kai 1:59, daga nan ya tsallake zuwa 3:00. Amurkawa sun saba da wannan tsallake, domin sun shafe shekaru da dama suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya idan bazara ta ƙarato, su dawo da shi baya idan hunturu ya kawo jiki. Abin da ya bambanta wannan shekara shi ne tsallaken ya zo makonni uku kafin ranar da miliyoyin na'urori suka sani. Kwamfutocin bankuna, na'urorin asibiti, kalandar ofisoshi da jadawalin jiragen sama, duk an gina su a kan cewa sauyin zai zo ranar Lahadin farko ta Afrilu. Majalisar Dokokin Amurka ta sauya ranar, kuma babu na'urar da ke karanta dokokin majalisa.

Kwamfuta ta iya ƙirga daƙiƙoƙi ba tare da kuskure ba. Abin da ba ta iya ba shi ne sanin sunan da hukuma za ta ba wa kowace daƙiƙa. Duk wanda ya umarci na'ura ta biya albashi ko ta adana bayanai "ƙarfe kaza" ya ɗora aikinsa a kan shawarar 'yan siyasa, ko ya sani ko bai sani ba. Tarihin shekaru arba'in da suka wuce ya nuna cewa girman ɓarnar da sauyin agogo ke jawowa ya dogara ne kan tsawon sanarwar da masu mulki suka bayar kafin su taɓa shi.

Daga ina tura agogo ta samo asali

A Kano, tsawon yini ba ya sauyawa sosai: daga kimanin awa 11 da rabi a watan Disamba zuwa kusan awa 13 a watan Yuni. A Landan kuwa yinin Disamba bai cika awa 8 ba, na Yuni ya haura awa 16, rana na fitowa kafin ƙarfe 5 mutane na barci. Wannan hasken safiya da ke tafiya a banza shi ya dami George Hudson, ma'aikacin gidan waya a New Zealand mai sha'awar nazarin ƙwari, wanda a 1895 ya ba da shawarar a tura agogo gaba da awa biyu a lokacin zafi. A Ingila, wani magini mai suna William Willett ya wallafa ƙasida a 1907 yana neman a tura agogo da minti 80, minti 20 kowace Lahadi a watan Afrilu. Ya rasu a 1915 ba tare da majalisa ta karɓi shawararsa ba.

Yaƙi ne ya tabbatar da abin da lallashi ya kasa. Ranar 30 ga Afrilu 1916 Jamus ta tura agogonta gaba don tsimin kwal, Birtaniya ta bi sahu ranar 21 ga Mayu, Amurka kuma a 1918. Guguwar ta iso Afirka ta Yamma ta hannun Turawan mulki: a shekarun 1920 da 1930, ƙasar da yanzu ake kira Gana ta riƙa tura agogonta gaba da minti 20 a ƙarshen kowace shekara.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta bar wa kowace jiha da kowane gari su zaɓi abin da suka ga dama, aka shiga ruɗani. A farkon shekarun 1960, fasinjan bas da ya taso daga Moundsville a jihar West Virginia zuwa Steubenville a jihar Ohio, tafiyar mil 35 kacal, sai ya gyara agogonsa sau bakwai idan yana son ya dace da kowane gari. Dokar bai-ɗaya ta 1966 ce ta kawo ƙarshen wannan. Amma ita ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. An fara agogon bazara tun watan Janairu a 1974 saboda ƙarancin man fetur, sannan dokar 1986 ta dawo da ranar farawa zuwa Lahadin farko ta Afrilu daga 1987. A kan wannan ƙa'ida ta ƙarshe aka gina kusan duk manhajojin da suka bunƙasa a zamanin yaɗuwar kwamfuta da intanet, kuma da yawa daga masu gina su sun ɗauka ƙa'idar ba za ta taɓa motsi ba.

Yadda na'ura ke jiran lokacinta

Babbar manhajar Unix, wadda zuri'arta ke tafiyar da mafi yawan kwamfutocin da ke riƙe da intanet da wayoyin hannu, tana ƙirga lokaci da lamba ɗaya: adadin daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun farkon ranar 1 ga Janairu 1970 a agogon UTC, wanda a amfanin yau da kullum daidai yake da agogon GMT da masu sauraron rediyo suka sani. Wannan lamba ba ta san bazara ko hunturu ba. Sai idan za a nuna wa mutum lokaci ne ake fassara ta zuwa agogon garinsu.

Matsalar tana tasowa ne idan aka juya fassarar, wato mutum ya faɗi lokacin gari, na'ura ta nemo daƙiƙar da yake nufi. Fitacciyar manhajar da ke wannan aiki ita ce cron, wadda ta yaɗu tare da fitowa ta bakwai ta Unix a 1979, Paul Vixie kuma ya sake rubuta ta a 1987. Aikinta mai sauƙi ne. Kowane minti takan duba agogo, ta duba jerin ayyukan da aka rubuta mata, idan lokacin wani ya yi ta tashe shi. Da ita ko 'yan uwanta ake kwafar bayanai don ajiya, rufe lissafin yini, tura kuɗi da aika rahotanni. Galibi cikin dare ake tsara waɗannan ayyuka, lokacin da ba kowa a ofis, kuma wannan shi ne lokacin da hukumomi suka zaɓa don sauya agogo, bisa dalili iri ɗaya.

A daren tura agogo gaba, aikin da aka tsara ƙarfe 2:30 ba shi da gurbi, domin agogon bai taɓa nuna 2:30 ba. Tsohuwar cron takan wuce shi shiru, sai ranar da aka nemi bayanan ajiya a tarar babu na wannan dare. A daren dawo da agogo baya kuwa, ƙarfe 2:00 kan koma 1:00, don haka 1:30 kan zo sau biyu. Aikin da aka tsara a wannan lokaci zai iya gudana sau biyu: a ciri kuɗin mutum sau biyu, ko a aika takardar bashi ɗaya sau biyu. Akwai tarko na uku. Mai gina manhajar da ya ɗauka kowane yini daƙiƙa 86,400 ne zai yi kuskure sau biyu a shekara, domin akwai yini mai awa 23 da yini mai awa 25.

Nau'o'in cron na baya sun ƙirƙiro dabara: idan agogo ya motsa da ƙasa da awa uku, aikin da aka tsallake a tashe shi nan take, wanda ya riga ya gudana kada a maimaita shi. Sai dai ba kowace manhaja ke bin wannan ba, kuma awar da ke zuwa sau biyu tana rikita har abin da ba kwamfuta ba. Jiragen ƙasa na dare na kamfanin Amtrak kan tsaya su jira awa guda don kada su riga jadawalinsu. Wasu asibitocin Amurka kan koma rubutu da biro a wannan awar, domin gudun allurar ƙarfe 1:30 na farko ta cakuɗe da ta 1:30 na biyu. A watan Nuwamba 2016, a jihar Massachusetts, an haifi tagwaye: na farko ƙarfe 1:39, na biyu bayan minti 31, amma a tsakani an dawo da agogo baya, aka rubuta masa 1:10. A takarda, Husaini ya girmi Hassan.

Kundin da 'yan sa-kai suka riƙe wa duniya

Domin na'ura ta fassara lokaci, tana buƙatar sanin dokar kowace ƙasa, ta yanzu da ta da. A 1986 Arthur David Olson, ma'aikaci a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ya fara tattara waɗannan dokoki a wani rumbun bayanai da ake kira tz. Daga baya Paul Eggert, malami a Jami'ar California da ke Los Angeles, ya zama babban editansa. Kowace shiyya tana ɗauke da sunan babban birninta ko mafi yawan jama'a. Najeriya tana ƙarƙashin Africa/Lagos, kuma shigarwar ta nuna cewa ƙasar tana gaban GMT da minti 30 daga 1914, sannan ta koma awa ɗaya ranar 1 ga Satumba 1919, inda take har yau. Nijar tana kan wannan agogo, sunan Africa/Niamey ma yana nuni ne zuwa bayanan Legas.

Wayoyin Android da iPhone, kwamfutocin Linux da manyan rumbunan bayanai na bankuna duk daga wannan kundi suke sha, alhali shekara da shekaru 'yan sa-kai ne ke kula da shi ta hanyar musayar imel. Rauninsa ya fito fili a ƙarshen Satumba 2011, lokacin da Astrolabe, kamfanin da ke sayar da manhajar duba da taurari, ya kai Olson da Eggert ƙara kan zargin sun ɗebi bayanai daga wani kundin tarihin agogon garuruwa da yake da haƙƙin mallakarsa. Masu duban taurari suna buƙatar ainihin lokacin haihuwar mutum, shi ya sa suka riga kowa tattara irin wannan tarihi. Olson ya rufe kwamfutar da ke rarraba kundin a farkon Oktoba. Cikin kwanaki hukumar ICANN, mai kula da sunayen adireshin intanet, ta karɓi riƙonsa, kamfanin kuma ya janye ƙarar a Fabrairu 2012.

Gwajin 2007

Ranar 8 ga Agusta 2005 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan dokar makamashi da ta tsawaita agogon bazara: daga 2007 zai fara Lahadi ta biyu ta Maris, ya ƙare Lahadin farko ta Nuwamba. Mafi yawan Kanada ta bi, domin kasuwanninta a haɗe suke da na Amurka. Masu gina manhaja sun sami wata 19 na shiri.

Gyara kundin tz 'yan layuka ne. Aikin shi ne isar da gyaran ga kowace na'ura. Windows yana da nasa jerin dokokin lokaci daban, manhajar Java tana ɗauke da kwafinta na kundin, har sai da kamfanin Sun ya fitar da wata manhaja ta musamman don sabunta shi. A ofishi guda ana iya samun kwafi huɗu ko biyar na dokar lokaci, idan aka gyara wasu aka manta da ɗaya sai su saɓa wa juna da awa guda.

Kalandar Outlook ta nuna wani ɓangare na matsalar da mutane da yawa ba su hango ba. Wanda ya tsara taron ƙarfe 10:00 na safiyar 20 ga Maris tun kafin gyara, manhajar ta riga ta fassara masa shi zuwa UTC da tsohuwar doka ta ajiye. Da aka sabunta dokar, taron ya koma 11:00. Microsoft ya fitar da wata manhaja da ke bin irin waɗannan alƙawura tana daidaita su, aka kuma shawarci ma'aikata su riƙa rubuta lokacin taro da haruffa a kan takensa har makonnin su wuce. A farkon Maris hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi asibitoci cewa na'urorin jinya masu agogo a cikinsu za su iya rubuta lokacin da ba daidai ba. Na'urorin da ba a iya sabuntawa sai da aka gyara su da hannu ranar 11 ga Maris, sannan ranar 1 ga Afrilu suka sake tura kansu gaba bisa tsohuwar doka, aka sake bin su.

Duk da haka ba a ga babbar ɓarna ba, kuma dalilin shi ne wata 19 ɗin nan. Ribar da aka samu kuwa, bisa rahoton da ma'aikatar makamashi ta miƙa wa majalisa a 2008, ita ce ragin kimanin kashi 0.5 cikin 100 na wutar lantarki a kowace rana ta makonnin da aka ƙara, wato kusan kashi 0.03 cikin 100 na amfanin shekara. Ko a inda doka ba ta sauya ba kuskure bai ƙare ba: ranar Litinin 1 ga Nuwamba 2010, masu iPhone da yawa a Turai sun makara, domin ƙararrawar farkawa da ake maimaitawa kullum ta buga bayan awa guda.

Idan sanarwa ta zo a ƙurarren lokaci

Abin da ya biyo baya a wasu ƙasashe ya nuna yadda lamarin yake idan babu lokacin shiri. A 2015 Turkiyya ta ɗage dawo da agogo daga 25 ga Oktoba zuwa 8 ga Nuwamba saboda zaɓen 1 ga Nuwamba, wayoyi da kwamfutoci da yawa suka sauya da kansu a tsohuwar ranar. A Yuli 2016 Masar ta soke agogon bazara kwanaki kaɗan kafin ya fara, alhali an riga an sayar da tikitin jirage da sabon lokaci. Ranar 26 ga Oktoba 2018, kwana biyu kafin ranar sauyi, Maroko ta sanar cewa za ta dawwama a gaban GMT da awa ɗaya. Bayan haka ta riƙa dawo da agogo baya a watan Ramadan kawai. Tun da farkon azumi ya dogara da ganin wata, masu kula da kundin tz sun shigar da hasashen ranakun har zuwa 2087, suna gyarawa duk lokacin da sanarwar hukuma ta saɓa wa lissafi.

Lebanon ce ta fi kowa jin jiki. Ranar 23 ga Maris 2023, da azumi ya kama, ofishin Firaminista Najib Mikati ya sanar da ɗage tura agogo daga daren 25 ga Maris zuwa ƙarshen azumi, abin da zai sa agogo ya nuna lokacin buɗa-baki da wuri. Cocin Maronite, wasu makarantu da tashoshin talabijin suka ƙi, suka tura nasu agogon a ranar da aka saba. Ƙasa guda ta wayi gari da lokaci biyu. Kamfanonin waya suka aika wa jama'a saƙo su saita agogo da hannu. Masu kundin tz sun fitar da gyara cikin gaggawa, wasu na'urori suka karɓa, wasu ba su kai ga karɓa ba. Ranar 27 ga Maris majalisar ministoci ta janye, ta ce a tura agogo a daren 29 wayewar 30 ga wata, aka sake fitar da wani gyaran da ya soke na farko. Azumin kansa da fitowar alfijir da faɗuwar rana yake tafiya, tsawonsa bai ragu da minti ɗaya ba. Jadawalin asibitoci, bankuna da jirage ne suka biya kuɗin shawarar.

Abin da ya shafi mai zaune a Kano ko Yamai

Najeriya da Nijar ba sa tura agogo, amma ayyukansu a ɗaure suke da ƙasashen da ke turawa. Masu kallon gasar Firimiya sun san wasan ƙarfe 3:00 na Ingila ƙarfe 4:00 yake a hunturu, ya dawo 3:00 daga ƙarshen Maris. Tazarar Legas da New York awa 6 ce a hunturu, awa 5 a bazara. Tun da Turai takan sauya ne a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, akwai makonni biyu ko uku a Maris da mako ɗaya a kaka da Amurka da Turai ba sa tafiya tare. Kamfanin da ya yi hayar uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da manhajojinsa, aka saita ta da agogon Landan, zai ga aikin rufe lissafinsa yana gusawa da awa guda sau biyu a shekara a agogon gida. Idan aikin yana kusa da tsakar dare, cinikin yau zai iya faɗawa lissafin gobe.

Kuma rashin agogon bazara ba ya hana gwamnati taɓa lokaci. Sudan, inda al'ummar Hausawa ke da yawa, ta tura agogonta gaba da awa ɗaya a Janairu 2000, ta dawo da shi ranar 1 ga Nuwamba 2017. Samoa ta share ranar 30 ga Disamba 2011 ɗungurungum daga kalandarta don ta daidaita da Ostireliya da New Zealand.

Daga wannan tarihi injiniyoyi suka fitar da 'yan ƙa'idoji. Abin da ya riga ya faru, kamar shigar kuɗi ko ba da magani, a rubuta shi da UTC, domin daƙiƙarsa ba za ta sauya ba. Abin da zai faru nan gaba bisa agogon mutane, kamar taro ko buɗe kasuwa, a ajiye shi da lokacin gari tare da sunan shiyyarsa, a bar fassara sai ranar ta zo, wanda shi ne darasin kalandar 2007. Aikin dare da bai damu da agogon mutane ba a ɗora shi kan UTC, idan kuma dole ne ya bi agogon ƙasar da ke sauyawa, a kauce wa tsakanin ƙarfe 1:00 da 3:00, tare da lura cewa wasu ƙasashe da tsakar dare suke sauyawa. A kuma gina kowane aiki yadda ko ya gudana sau biyu ba zai ciri kuɗi sau biyu ba.

Muhawarar ba ta ƙare ba. Majalisar Turai ta kaɗa ƙuri'a a Maris 2019 don a daina sauya agogo, gwamnatocin ƙasashen suka kasa cimma matsaya. Majalisar Dattawan Amurka ta amince a Maris 2022 a dawwamar da agogon bazara, ƙudurin ya mutu a Majalisar Wakilai. Brazil ta soke nata a 2019, amma wayoyi da yawa sun tura kansu gaba a ƙarshen shekarar bisa tsohuwar doka. Masar kuwa ta dawo da nata a 2023. Duk ƙasar da za ta sake yanke irin wannan shawara, buƙatar masu kula da kundin tz gare ta ɗaya ce, kuma a rubuce take: ta ba da sanarwar aƙalla shekara guda.